Ajin Da Ɗalibi Ke Aiki: Gyaran Koyarwa A Jami'o'inmu

Lacca da aka gabatar a Dutse, Jihar Jigawa, ga malamai da ɗaliban manyan makarantu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a wannan zaure cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Iyayenmu farfesoshi, waɗanda da yawanmu a hannunsu muka yi karatu, Allah ya ƙara girma. Shugabannin tsangayoyi da na sassa, 'yan'uwana malamai maza da mata na nan Dutse, da waɗanda suka yi sammako daga Kafin Hausa, Gumel, Kazaure da Haɗeja, sannunku da hanya. Ku kuma ɗalibai, ƙannena da 'ya'yana, barkanku da zuwa. Maganar yau taku ce kafin ta zama ta kowa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro bisa amanar da suka ɗora mini.

An ce in yi magana kan hanyoyin da malamin jami'a zai bi ya sa ɗalibi aiki da ƙwaƙwalwarsa a cikin aji, maimakon ya wuni yana sauraro yana kwafa. Kafin in shiga, mu tuna inda muka fito. Ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanki Jigawa daga Jihar Kano, ba mu da jami'a ko ɗaya. Yaron Jahun ko Kiyawa da ya ci jarrabawa, sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Kano, Zariya ko Maiduguri. Sai da aka shekara 20 kafin a kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. A 2013 jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido. A 2021 aka samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura da Jami'ar Khadija a Majiya. Jami'a huɗu cikin shekara goma, alhamdu lillahi. An yi gine-gine, an ɗauki malamai, an yaye ɗalibai. To amma gini ba ya koyar da kowa. Tambayar da ta rage, wadda ba a cika yi a bikin buɗe gini ba, ita ce: idan malami ya shiga ajin nan ya rufe ƙofa, me ke faruwa a cikin awa biyun da ke gabansa?

Na ɗaya: ajin da duk muka sani

Ba sai na ambaci sunan wata makaranta ba, domin hoton ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba. Lacca ƙarfe takwas na safe. Ɗalibai ɗari uku ko fiye, wasu a kan benci, wasu a tsaye a bakin taga. Malam ya buɗe takardarsa ya fara karantowa, hannuwa suna gudu a kan littafi. Muryar ɗalibi ɗaya ce ake ji, ita ma cewa take, "Malam, a maimaita." Can bayan awa guda malam ya ɗago ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Ya ce, "Akwai tambaya?" Tsit. Ya tattara takardunsa ya fita da natsuwar cewa ya gama babi na huɗu.

Shin an gane ɗin? Wa ya sani? Shi malamin bai sani ba, su ma ɗaliban ba su sani ba, domin babu abin da ya faru a ajin da zai nuna. Sai jarrabawa ta rage mako biyu ka ga ajujuwa cike da dare, ana hadda. A shiga, a zuba, a fito. Bayan wata guda ka tambayi yaron abin da ya rubuta, ya bi ruwa.

Ba na ɗora wa malami laifi shi kaɗai. Mutum ɗaya ne ke riƙe da kwasa-kwasai da yawa, ga duba takardu, ga kula da masu rubutun kammala digiri, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayansa sai da aka matse zangunan karatu don a cimma lokaci. Bugu da ƙari, haka aka koyar da mu, mutum kuwa abin da ya gani yake yi. Duk da haka uzuri ba ya canja sakamako. Wanda ya kai ɗansa koyon ɗinki, ya dawo bayan shekara huɗu ya tarar yaron bai taɓa taka keke ba, sai littattafai cike da bayanin yadda ake yanka wuyan riga, me zai ce wa telan? Iyayen da ke sayar da tumaki da buhun riɗi su biya kuɗin rajista suna da haƙƙin yi mana irin wannan tambaya.

Na biyu: me bincike ya nuna?

Wani zai ce wannan ra'ayi ne. To, ga abin da aka auna.

Akwai wani malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Eric Mazur. Ɗalibansa zaɓaɓɓu ne, suna yabon laccarsa, suna cin jarrabawarsa. Wajen 1990 ya ci karo da wani gwaji da David Hestenes da abokan aikinsa suka tsara. Gwajin babu lissafi mai wuya a cikinsa, tambayoyi ne kan motsi da ƙarfi cikin harshen yau da kullum. Mazur ya ba ɗalibansa yana sa ran za su cinye cikin sauƙi. Abin da ya gani ya girgiza shi: yaran da ke warware dogon lissafi sun kasa amsa tambayoyin da ke neman fahimtar ma'anar lissafin. Sun haddace hanya, amma tunaninsu game da duniya yana nan yadda suka zo da shi. Daga 1991 ya sauya salon ajinsa, kuma zan kawo muku yadda ya yi.

A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon irin wannan gwaji daga kwasa-kwasai 62, ɗalibai sama da 6,000. Ya duba abin da ɗalibi bai sani ba a farkon zango, da nawa ya cike daga ciki a ƙarshe. A ajujuwan lacca zalla, an cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin. A ajujuwan da ake sa ɗalibai tunani da tattaunawa, kusan kashi 48. Ninki biyu ke nan.

Mafi girma shi ne aikin Scott Freeman da abokansa a 2014. Sun haɗa bincike 225 da aka yi a fannonin kimiyya, injiniya da lissafi. Suka tarar inda ake lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa ko barin kwas. Inda ake sa su aiki a aji, kusan kashi 22. Mu kawo lissafin nan gida. A ajin mutum 300, wancan ya kai mutum 100, wannan kuwa 65. Bambancin mutum 35 ne, a kwas ɗaya, a zango ɗaya. Ba alƙalumma ba ne, 'ya'yan mutane ne: wanda zai maimaita kwas, wanda za a kora, yarinyar da za a ce mata tun da karatun ya ƙi, ta dawo gida.

Yawancin wannan bincike a Amurka aka yi shi, inda aji ke da wuta da kayan aiki. Wannan ba dalilin watsi da shi ba ne, dalili ne na mu auna namu. Sassan ilimi a Dutse, Kafin Hausa da Gumel suna iya yin irin wannan gwaji a ajujuwanmu, kuma asusun TETFund yana da kason tallafin bincike. Me muke jira?

Na uku: abin nan ba baƙo ba ne

Nan nake so in ɗan daɗe, domin na sha jin ana cewa wannan salon Turawa ne, mu al'adarmu yaro ya yi shiru gaban malami.

Imamu Buhari ya kawo a Littafin Ilimi labarin da Abdullahi ɗan Umar ya bayar. Wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai su faɗa masa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Bai ba su amsa nan take ba. Mutane suka shiga lissafa itatuwan daji. Abdullahi ya ji a ransa dabino ne, amma ya ga shi ne ƙarami a wurin, ga manya sun yi shiru, sai kunya ta hana shi magana. Daga ƙarshe aka gaya musu dabino ne. Da ya ba mahaifinsa labari, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa.

Mu mutanen Dutse, garin dabino, ya kamata labarin nan ya zauna mana a rai. Ku duba: malami ya yi tambaya kafin ya yi bayani. Ya bar tunanin mutane ya yi yawo, har ya kuskure. Wanda ya san amsa shi ne ƙaraminsu, kuma kunya ta rufe masa baki. Uban kuma bai yaba wa shirun ba. Abdullahi nawa ne ke zaune a ajinka, Malam, da amsa a ransu?

Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ya wajabta wa mai neman ilimi muzakara da munazara da jefa wa juna mas'aloli, kuma ya fifita amfaninsu a kan maimaici kawai. Sharaɗinsa shi ne a yi cikin natsuwa da neman gaskiya, ba don kayar da abokin magana ba. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya koka da ɗaliban Fas da sauran Magrib: suna ƙarar da shekaru a majalisin ilimi ba sa buɗe baki, hadda ta yi yawa, ƙwarewa babu. A ganinsa hanya mafi sauƙi ta samun ƙwarewa ita ce a saki harshe da tattaunawa da muhawara a kan mas'alolin ilimi. Har ya kwatanta cewa wa'adin zaman ɗalibi a makarantun Magrib shekara 16 ne, a Tunis kuwa 5, saboda bambancin salon koyarwa. Wannan magana ta haura shekara 600, amma kamar jiya ya leƙa ajinmu.

Mu dawo gida. A makarantar zaure, wa ke jan baƙi? Ɗalibi ne. Shi ke karantawa, malam yana gyara masa yana fassarawa, kuma ba a ƙara masa sai ya biya na jiya. A tsangaya, gardi ne ke biya wa kolo, kuma da wannan biyawar nasa karatun ke ƙara zama. Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar da jajis, su kuma suka koma ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ba na cewa komai na tsarin da daidai ne. Akwai tsoron malami da ya wuce kima, akwai hadda marar fahimta. Kuma hadda tana da gurbinta, babu likitan da zai yi aiki bai haddace sunayen sassan jiki ba. Abin da nake cewa shi ne, zaman ɗari uku shiru na awa biyu ana yi musu shifta ba gadonmu ba ne. Yawan ɗalibai da ƙarancin littattafai ne suka haifar da shi, mu kuma muka saba har muka ɗauka ladabi ne.

Na huɗu: me malami zai yi ranar Litinin?

Zan kawo abubuwan da ba sa bukatar wuta, majigi ko intanet, domin na san ajin da za ku koma.

Mafi arha shi ne jira. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta naɗi ajujuwa masu yawa a farkon shekarun 1970, ta tarar malami kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan ya yi tambaya, kafin ya amsa da kansa ko ya kira wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, masu magana suka ƙaru, har da waɗanda aka ɗauka ba su da ƙoƙari. Ɗalibinmu kuwa ya fi bukatar jiran, domin yakan ji tambaya da Turanci, ya juya ta da Hausa ko Fulatanci, ya nemo amsa, sannan ya mayar da ita Turanci. Ka ba shi daƙiƙa goma. Shirun zai yi maka nauyi da farko, ka daure.

Sai kuma hanyar Mazur, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da babban aji. Ka yi bayani na minti goma sha biyar, ka tsaya. Ka rubuta tambaya ɗaya a allo, mai neman fahimta, da zaɓi uku ko huɗu. Misali a fiziks: tirela mai kaya ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota a hanyar Shuwarin. A lokacin karon, wace ce ta fi dukan 'yar'uwarta da ƙarfi? Ɗaya, tirela. Biyu, ƙaramar mota. Uku, ƙarfin daidai yake. Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti guda. Sannan kowa ya nuna zaɓinsa da yatsu a ƙirjinsa, ba sama ba, don kada a kwaikwayi na gaba. Kai da ke tsaye za ka ga ajin gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Da yawa za su ce tirela, alhali minti biyar da suka wuce sun rubuta dokar Newton ta uku da hannunsu, wadda ke cewa ƙarfin daidai yake. Ɓarnar ce ta bambanta saboda bambancin nauyi. Kada ka faɗi amsa. Ka ce kowa ya nemi na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya gamsar da shi cikin minti biyu. Ajin zai kaure da hayaniya. Kada ka firgita, wannan hayaniyar karatu ce. Ka zaga ka saurara. Sannan a sake nuna yatsu. Galibi za ka ga masu amsa daidai sun ƙaru, sai ka rufe da taƙaitaccen bayani, yanzu da kunnuwa ke jiran sa.

Me ya sa wannan ke aiki? Domin ɗalibin da ya gane abu minti biyu da suka wuce yana tune da inda ya yi tuntuɓe. Farfesa da ya gane shi shekara 30 da suka wuce ya manta akwai tuntuɓe a wurin. Kuma ba kimiyya kaɗai ba. Malamin tattalin arziki zai iya tambaya: da aka rufe iyakar Nijar a 2019, da kuma 2023, me ya kamata ya faru da farashin dabbobi a Maigatari, kuma wa ya ci riba, wa ya yi asara? Malamin nahawun Hausa zai iya rubuta jimla biyu ya ce wacce ce ta karye, kuma me ya karya ta?

Akwai kuma minti biyar na farko da biyar na ƙarshe. Da ka shiga, a rufe littattafai, kowa ya rubuta abu uku da ya riƙe daga darasin da ya wuce. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa waɗanda suka karanta rubutu sau ɗaya sannan suka yi ta ƙoƙarin tuno shi, bayan mako guda sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuwa kashi 40. Duk wanda ya yi tilawa ya san wannan tun yana yaro. A ƙarshen aji kuma, kowa ya yagi rabin takarda, ba suna, ya rubuta abin da har yanzu ya shige masa duhu. Ba sai ka karanta 300 ba. Ɗebi talatin ka duba a ofis. Abin da za ka gani a ciki ya fi "mun gane" dubu gaskiya, kuma da shi za ka buɗe darasi na gaba.

Na biyar: Jigawa kanta aji ce

Tun 1969 makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada ta fara koyarwa ta hanyar ba wa ƙananan rukunin ɗalibai matsalar majiyyaci tukuna, su nemo ilimin da zai warware ta. Yau makarantun likitanci da dama a duniya sun ɗauki salon. Mu kuwa matsaloli ba sai mun ƙirƙira ba, suna bakin ƙofa.

Ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja. Ga ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama. Ga tashar binciken dabino a nan Dutse, wadda ɗalibin aikin gona zai iya kammala digiri bai taka ba idan ba a tura shi ba. Ga zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe a Birnin Kudu; ina amfanin ɗalibin tarihi ya haddace sunansu daga takarda, alhali tafiyar ƙasa da awa guda ce? Ga Asibitin Rasheed Shekoni, ga kasuwar Gujungu, ga manoman riɗi da zoɓo da ke sayarwa da arha a kaka. Sabuwar manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Da me muka cike namu?

Gargaɗi ɗaya kan aikin rukuni, kuma ɗalibai sun san abin da zan faɗa: mutum ɗaya ya yi, goma su sa hannu. Maganinsa, kada rukuni ya wuce mutum biyar, kuma ranar gabatarwa malami ne zai zaɓi wanda zai kare aikin, makin da ya samo na kowa ne. Za ka ga sun koyar da juna ba ka ce ba.

Na shida: inda gizo ke saƙa

Da akwai cikas, kuma zai zama rashin adalci in ɓoye.

Kunya ita ce ta farko, musamman ga 'yan mata. Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta ɗaga murya gaban maza ba za ta miƙe gaban mutum 300 don ka ce "kowa ya saki jiki" ba. Shi ya sa na fi son yatsu a ƙirji da takarda marar suna da magana da na kusa. Ta fara faɗa wa ƙawarta, ta ji amsarta ta tsaya da ƙafarta, sannan wata rana ta faɗa wa aji. Kuma, don Allah, 'yan'uwana malamai, kada a yi wa mai kuskure dariya, kada a bari a yi masa. Ka kunyata ɗalibi ɗaya a makon farko, ka rufe bakin aji har ƙarshen zango.

Sai harshe. Da yawa shirunsu ba rashin sani ba ne, tsoron karya Turanci ne. Ra'ayina, kuma na san wasu za su saɓa mini: a bar su su tattauna da na kusa da harshen da ya fi musu sauƙi, idan za su bayyana wa aji su yi da Turanci. Sai dai a kula, jami'a ta kowa ce. Akwai ɗan Binuwai da 'yar Oyo a benci, kada Hausa ta zama katangar da za ta ware su.

Su kansu ɗaliban za su yi ƙorafi. Za su ce malam ba ya koyarwa, tambaya kawai yake. Louis Deslauriers da abokansa sun gwada wannan a Harvard a 2019: ɗaliban da aka sa aiki sun ji a ransu kamar ba su koyi da yawa ba, sun fi son lacca mai daɗi, amma a gwaji su ne suka fi cin maki. Lacca mai santsi tana sa mutum ya ji kamar ya gane. Don haka ka gaya musu tun ranar farko abin da za ka yi da dalilinsa. Ku ma ɗalibai ku ji da kyau: wahalar da kuke ji lokacin da kuke kokawa da tambaya ba alamar kun kasa ba ce.

Wani zai ce, manhaja fa, yaushe za a gama? Gaskiya ne, tattaunawa tana cin lokaci. Amma me muke nufi da gamawa? Malam ya furta kowane babi, ko ɗalibi ya iya? Abin da mutum zai karanta da kansa, a tura masa ta WhatsApp na aji kwana biyu kafin lacca, a fara aji da gajeren gwaji a kansa don a tabbatar an karanta. Lokacin haɗuwa kuwa a kashe shi a wuraren da ke da wuya. Ban ce a daina lacca ba. Bayani mai kyau daga masani ni'ima ce. Cewa na yi a yanka ta gunduwa-gunduwa, a sa aiki a tsakani.

Na bakwai: jarrabawa, da haƙƙin hukuma

Wannan gajere ne, amma idan aka bar shi sauran duk sun rushe. Ɗalibi ba wawa ba ne. Abin da za a tambaye shi yake karantawa. Idan ka shafe zango kana sa shi tunani, sannan jarrabawarka ta ce "kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar", ka koya masa cewa tunanin wasa ne, hadda ce gaskiya. A sa aƙalla tambaya ɗaya ko biyu da ke kawo yanayin da bai taɓa gani ba, a ce ya yi amfani da abin da ya koya. Maki 30 ko 40 na aikin zango kuma kada a tattara su a gwaji ɗaya na mako na goma. A rarraba su.

Ga shugabanninmu, ranku ya daɗe: muna ɗaukar matashi mai digiri na biyu mu miƙa masa aji mafi girma a sashe, ba tare da ko mako ɗaya na horo kan koyarwa ba. Ƙarin girma kuma kusan duka a kan maƙalu yake. Wanda ya kashe dare yana tsara tambayoyin aji, babu inda za a rubuta masa. Ina roƙon a kafa horon koyarwa ga sababbin malamai, a raba manyan ajujuwan shekarar farko zuwa ƙananan rukunin bita a hannun masu digiri na biyu da na uku, kuma a ba ingancin koyarwa maki na gaske a wajen ƙarin girma.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, roƙona ƙarami ne. Kada ku sauya komai da komai lokaci guda. Zangon da ke tafe, kowa ya zaɓi kwas ɗaya da hanya ɗaya daga cikin waɗanda na ambata, ya riƙe ta har ƙarshe, ya ajiye sakamakon bana kusa da na bara, sannan a zauna a sashe a duba tare.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya, mai gyara, da wanda bai gamsu ba, musamman malaman da ke riƙe da manyan ajujuwa, bismillah, ina sauraro.